Tauraro, radar ko jirgi maras matuƙi: da wanne za ka bibiyi tsirran fadama da na bakin teku?

Cikin wata guda mutum biyu suka same ni da tambaya iri ɗaya, ko da yake wuraren aikinsu ko kusa ba su haɗa hanya ba. Ta farko ɗaliba ce da ta gama digirinta a nan Maraɗi, ta samu damar ƙaro karatu a Senegal, aka ɗora mata bin diddigin itatuwan mangurob na yankin Salum, waɗannan da ke tsaye cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje. Na biyu ma'aikacin gandun daji ne. Masunta da masu lambu sun ishe shi da kuka cewa bakin tafkin Madarunfa ya sauya, suna son takardar shaida da za su nuna wa manya. Kowannensu an ba shi ɗan kuɗin aiki, kuma kowannensu ransa ya tafi ga abu guda: ya sayi jirgi maras matuƙi.

"Malam, ai shi ne ke nuna komai, har ganye," in ji ɗalibar.

Na ce, "Gaskiyarki, ƴata. To me zai nuna miki game da 1990?" Sai ta yi shiru.

Abin da na shimfiɗa musu shi ne zan shimfiɗa a nan, don na san ba su kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba.

Mudun da za a yi awo da shi

Na farko, tsawon tarihi. Hoto ɗaya ba ya nuna canji, sai an jera na da da na yanzu. Mai son sanin abin da ya faru cikin shekara arba'in, dole ya nemi wanda ke ɗaukar hoto tun shekara arba'in.

Na biyu, girman gurbi. Hoton tauraron ɗan'adam kamar filin dara yake, an yanka shi gurbi-gurbi, kuma kowane gurbi launi ɗaya tak yake ɗauka, wato gaurayen duk abin da ke cikinsa. Gurbi mai mita 30 a kan 30 murabba'in mita 900 ke nan, ya fi filin gida biyu masu mita 20 a kan 20. Rijiya da bukka da mangwaro da fangalin albasa duk sun narke sun zama ɗigo guda.

Na uku kuɗi, ba na saye kaɗai ba, har na intanet da lantarki da kwamfuta da man babur. Na huɗu ɗorewa: bayan shekara biyar abin zai nan, ko sai labari? Na biyar sauƙin koyo da haɗarin da ke tattare da shi, ga kayan da kuma ga mai kayan.

Na shida na bar shi a ƙarshe don ya fi sauran nauyi, kuma shi aka fi mantawa: ranar da aka ɗauki hoton. A kan wannan na sha kunyar da ba na mantawa. Lokacin ina sabon hannu, na ɗauko hoton wani tafki na watan Oktoba, na gwama shi da na watan Fabrairu na bayan shekara goma. Lissafi ya nuna kore ya zube ƙwarai. Na buga taswira mai ja da kore, na naɗe ta, na hau babur har bakin ruwa ina jin na gano wani abu. Na tarar da wani dattijo a gindin bagaruwa yana ɗinkin taru. Ya goge hannunsa a riga, ya ɗora yatsa a kan inda ya fi ja.

"Ɗana, wannan hoton na wane wata ne?"

Na gaya masa.

"Wancan fa?"

Na gaya masa. Ya yi murmushi ya koma kan tarunsa. "Nan da kaka bado ke rufe shi. In ɗari ya wuce ruwa ya ja, sai laka ta tsattsage. Tun ina bin babana a kwalekwale haka yake. Ba abin da ya ɓata, kai ne ka zo a wani wata."

Na ce, "Na gode, Baba," na naɗe taswirata. Bambancin kaka da rani na auna, na ba shi sunan lalacewar shekara goma.

A bakin teku wannan tarkon ya fi muni, don can ruwa ba jiran wata yake ba. Sau biyu a yini teku ke cikowa ya janye, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Su kuwa taurarin ɗaukar hoto, Landsat da Sentinel-2, da hantsi suke wucewa kullum, wajen ƙarfe goma zuwa goma da rabi. Yau su tarar da ruwa ya shanye gajerun tsirrai, wani zuwan su tarar da laka a fili. Wanda bai duba jadawalin cikar teku ba sai ya rubuta cewa daji ya nutse ko ya faɗaɗa, alhali ruwa ne ya je ya dawo. A wajenmu kuma ga gawo da nasa hali: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, saɓanin sauran itatuwa.

Kalma ɗaya kan yadda na'ura ke gane tsiro. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, yana kuma mayar da wani haske da idonmu ba ya gani, wanda ke gaba kaɗan da ja. Daga bambancin biyun ake fitar da ma'aunin NDVI, mai tafiya daga -1 zuwa +1: ruwa a ƙasa, yashi kusa da sifili, kurmi a sama. Amma kore kawai yake aunawa, bai san mai amfani da maras amfani ba. A fadamun Haɗejiya da Nguru kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki, a hoto kuwa sai ka ce aljanna. A gaɓar tekun Najeriya, inda dajin mangurob mafi girma a Afirka yake, wani kwakwan ruwa da ake kira nipa, wanda aka shigo da shi Kalaba a 1906, yana mamaye inda aka sare mangurob. Shi ma kore ne.

Landsat: dattijon da ya ga jiya

Na Amurka ne, hukumomin NASA da USGS ke riƙe da shi. Na farko ya tashi a 1972 da gurbi mai kusan mita 80. Na mita 30 ya fara a farkon shekarun 1980. Landsat 5, wanda aka harba a 1984, ya kusa shekara 29 yana aiki. Yanzu Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021 ke sama, kowanne yana komowa wuri bayan kwana 16, su biyun tare kwana 8. Tun 2008 aka buɗe rumbun hotunan kyauta ga kowa. Ta fuskar kuɗi da ɗorewa, samun na biyunsa da wuya.

Raunin sa uku ne, kuma ya kamata a san su tun kafin a yi wa malami ko mai ba da kuɗi alkawari. Rumbun yammacin Afirka yana da giɓi, musamman a shekarun 1990, domin Landsat 5 ba shi da ma'ajiyar hoto a jikinsa, sai in akwai tashar da za ta karɓa. Za ka nemi hoton Nuwamba na wata shekara ka tarar babu. Sannan a watan Mayun 2003 wani sashe na na'urar Landsat 7 ya lalace, daga nan hotunansa suka riƙa zuwa da zane-zanen baƙi kamar tsagar fuska, kusan kashi 22 cikin ɗari na kowane hoto babu komai. Na uku girman gurbi: siririn layin mangurob da ke bin bakin ƙorama, ko ƴar tsirin burugu a gefen tafki, sukan ɓace cikinsa.

Akwai wani tarko da ya shafe mu mu ƴan Sahel. Hotuna masu kyau sun fara yawa ne a 1984, ita kuwa shekarar fari ce, wadda dattawan Maraɗi ke kira El-Buhari. Duk abin da ka gwama da ita sai ya fito kamar an samu ci gaba. Haka abin yake a Salum, inda farin shekarun 1970 da 1980 ya ƙara wa ruwa gishiri ya kashe mangurob da yawa. Kada ka ɗauki shekara ɗaya ta zama tushe. Haɗa uku ko biyar, sannan ka ajiye alƙaluman ruwan sama kusa da kai.

Sentinel-2: dokin aikin yau da kullum

Na shirin Copernicus ne na Tarayyar Turai. An harba na farko a 2015, na biyu a 2017, na uku a 2024. Gurbinsa mita 10 ne a launukan da aka fi bukata, mita 20 a wasu, kuma yana komowa duk kwana 5. Shi ma kyauta. Gurbin Landsat ɗaya ya ɗauki nasa tara, don haka lambunan Jiratawa da bakin Gulbin Maraɗi sukan fito da siffarsu, har ka ce ga na wane. Yana kuma da wasu launuka uku a bakin ja waɗanda ke taimakawa wajen rarrabe tsiro da tsiro, abin da Landsat ba shi da shi.

Komowar kwana biyar ɗin ce ta fi burge ni. Ita ke ba ka damar bin shekara wata-wata, ka ga lokacin da tafki ya cika, lokacin da bado ya rufe, lokacin da masu noman rani suka bi ruwa da shuka. Sai ka san yadda wuri ke numfashi cikin shekara kafin ka iya cewa ya yi ciwo. A bakin teku kuma yawan hotunan ke sa ka iya tsince waɗanda aka ɗauka ruwa na ƙasa, ka watsar da sauran.

Gajimare ne abokin gabansa. A Maraɗi da sauƙi: daga Oktoba zuwa Mayu sama a buɗe take, sai dai hazon hunturu da ke dushe launi, shi ya sa na fi son hotunan ƙarshen Oktoba da Nuwamba. A gaɓar Gini da Benin da Neja Delta kuwa sai a yi watanni ba a ga ƙasa ba. Salum da dama-dama, don ta fi kusa da Sahel. Sai gajeren tarihi: duk abin da ya faru kafin 2015, ba ya nan aka yi. Sai nauyi: hoto ɗaya cikakke yakan kusa gigabait guda. Wanda ya taɓa kwana yana jiran saukarwa, wuta ta ɗauke ana saura ƙiris, ya san abin da nake nufi.

Radar: mai gani cikin duhu, mai wuyar fassara

Radar ba ya jiran rana. Shi ke aiko da nasa sigina ya saurari abin da ya dawo, don haka gajimare da hazo da dare duk ɗaya ne a wurinsa. Sentinel-1 ya fara a 2014. Na biyunsa ya lalace a ƙarshen 2021, aka harba wani a Disambar 2024. A yankinmu galibi kwana 12 yake komowa. Kyauta ne.

Ruwa kwantacce baƙi yake fitowa, don sigina ya zame ya wuce bai dawo ba. Tsirran da ke tsaye cikin ruwa kuwa sukan yi haske, don sigina ya bugi ruwa, ya bugi kara, ya komo. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga mai son sanin iyakar ambaliya a tsakiyar Agusta. Zangon siginar Sentinel-1 kamar santimita 5 da rabi ne, a kan ganye yake tsayawa in daji ya yi duhu. Na Japan, PALSAR, zangonsa ya kai wajen santimita 24, yana ratsa ganye ya kai ga kututture da ruwan da ke ƙasa. Da shi da Landsat aka gina taswirorin Global Mangrove Watch, masu nuna faɗin mangurob na duniya daga 1996 zuwa 2020, kuma kowa na iya sauke su. Na ce wa ɗalibar ta fara buɗe su kafin ta taɓa komai, kada ta ɓata wata shida tana sassaƙa turmin da ke kasuwa.

Sai dai hoton radar ba hoto ba ne irin wanda ido ya saba. Ɗige-ɗige ne kamar jikin zabuwa, sai an tace. Iska in ta kaɗa ruwa sai ya yi haske kamar tudu. Mafi sharri a wajenmu, busasshen yashi mai laushi shi ma baƙi yake fitowa, sai ka zana tafki a kan jigawa. Ba ya kuma gaya maka wane tsiro ne. A ganina abokin tafiya ne ga Sentinel-2, ba madadinsa ba, kuma sabon shiga kada ya fara da shi.

Hotunan saye

Waɗannan taurarin kasuwanci ne, sayar da hotunansu ake yi. PlanetScope yana ba da gurbi na mita 3 zuwa 4 kusan kullum. WorldView-3 yana kaiwa santimita 31, Pléiades santimita 50. Da irin waɗannan ana ƙirga itatuwa ɗaya-ɗaya.

Mu a Maraɗi mun ga ranar kaifin hoto. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a rene shi, wanda Tony Rinaudo ya yi ta yaɗawa tare da manoman yankin nan tun farkon shekarun 1980, ya daɗe yana bazuwa ba tare da manyan taswirori sun lura ba, don itatuwan a warwatse suke cikin gonaki. Sai da Gray Tappan na USGS da abokan aikinsa suka jera hotunan jirgin sama na 1975 da sababbin hotuna masu kaifi, sannan aka ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Wanda tambayarsa ita ce goruba nawa ta rage a Gulbin Kaba, irin wannan hoton yake bukata.

Matsalar ita ce aljihu. Da murabba'in kilomita ake sayarwa, da kuɗin waje, kuma akwai ƙaramin faɗin da ba a sayar da ƙasa da shi, ko da wurinka bai kai ba. Lasisi yakan hana ka raba hoton da wasu. Tun da canji kake nema, ba sau ɗaya za ka saya ba. In kuɗin shiri ya ƙare, bibiya ta ƙare. Ɗalibi ya tambayi jami'arsa ko tana cikin tsarin da kamfanin Planet ke bai wa masu bincike dama. In ba haka ba, tsofaffin hotunan da ke cikin Google Earth Pro sun isa a duba da ido a tabbatar da abu, ko da yake ba a lissafin NDVI da su.

Jirgi maras matuƙi

Ba na musun kyansa. Gurbinsa ƴan santimita ne, yana tashi ƙarƙashin gajimare, kai ke zaɓar rana da sa'a, wanda a bakin teku yana nufin kai ke zaɓar matsayin ruwa. Da shi za ka raba bado da kainuwa, ka raba nipa da mangurob, ka ƙirga dashen da ya kama da wanda ya mutu.

Yanzu ga sauran labarin. Mai kyamarar da ke ganin hasken da ake lissafin NDVI da shi, miliyoyin sefa ne, kafin batura da kwamfuta mai ƙarfin haɗa ɗaruruwan hotuna. Batir ɗaya kamar rabin sa'a yake yi a aikin gaske, ya rufe hekta ƴan gomomi. Yawancin ƙananan jiragen an ƙera su ne su yi aiki zuwa zafin digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu mun san inda ma'auni ke kaiwa. Na taɓa buɗe kabad a wani ofishi na tarar da jirgi sabo fil, baturansa uku sun kumbura kamar fanke, wanda aka koya wa tuƙin an yi masa canjin wurin aiki, ba wanda ya san lambar sirrin. Ƙura tana shiga injin, shaho yakan kai masa bara, a teku gishiri na cin ƙarfe. Kan buɗaɗɗen ruwa kuma manhajar haɗa hotuna takan rikice, don ba ta samun alamar da za ta kama.

Babban abin shi ne izini. Ba a tashin jirgi sai da takardar hukumar kula da jiragen sama da sanin hukumomin yanki da jami'an tsaro. Madarunfa kusa da iyaka take, kuma kowa ya san halin da ake ciki a dazukan wajen. Abu ya riƙa shawagi a kan ƙauye ba a sanar da maigari ba, ba ƙwace jirgi kaɗai zai jawo maka ba. Ƙari a kan haka, tarihinsa daga ranar da ka fara tashinsa yake farawa.

Tsofaffin hotuna

A taƙaice: akwai hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da na 1975 da aka ɗauka a kudancin Nijar, akwai kuma na taurarin leƙen asirin Amurka, Corona, na 1960 zuwa 1972, waɗanda aka saki a 1995, ana samunsu a shafin EarthExplorer. Baƙi da fari ne, sai an sha wahalar daidaita su da taswira, amma na kafin 1973 suna nuna yadda fadama take kafin farin wannan shekarar.

| Hanya | Tun yaushe | Gurbi | Komowa | Kuɗi | Babban rauni |
|---|---|---|---|---|---|
| Landsat | 1972 | mita 30 (80 a farko) | kwana 8 zuwa 16 | kyauta | giɓi a rumbu, ƙananan wurare na ɓacewa |
| Sentinel-2 | 2015 | mita 10 zuwa 20 | kwana 5 | kyauta | gajimare, gajeren tarihi |
| Sentinel-1 | 2014 | mita 10 zuwa 20 | galibi kwana 12 | kyauta | wuyar fassara, yashi na kama da ruwa |
| PALSAR, haɗin shekara | 2007 | mita 25 | sau ɗaya a shekara | kyauta | babu na 2011 zuwa 2014 |
| PlanetScope | wajen 2016 | mita 3 zuwa 4 | kusan kullum | biya | lasisi, ɗorewar kuɗi |
| WorldView, Pléiades | ya danganta da wuri | ƙasa da mita 1 | sai an yi oda | tsada | ba a iya maimaitawa a kai a kai |
| Jirgi maras matuƙi | ranar da ka fara | santimita | yadda ka so | miliyoyin sefa | izini, batir, ƙaramin fili |
| Corona da hotunan jirgi | 1950 zuwa 1975 | ƴan mita | ba ya komowa | kyauta ko kaɗan | baƙi da fari, wuyar daidaitawa |

Abin da ba ya cikin jadawalin

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duk wadda ka zaɓa cikin waɗannan, sai ka taka da ƙafarka ka ce wa kwamfuta nan burugu ne, nan bagaruwa, nan lambu, nan laka. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a samu wuri kamar 50 ga kowane nau'i, kuma a ware wasu a ɓoye, kada a koyar da na'ura da su, sai ta gama taswira a jarraba ta da su. Wayar hannu da manhajar tattara bayanai ta KoboCollect sun wadatar. Sai dai GPS na waya yakan kauce da mita uku zuwa biyar, don haka tsaya a tsakiyar wuri mai faɗi, kada ka tsaya a kan iyakar tsiro biyu. A kafa turakun ƙarfe a wurare goma ko ashirin, duk shekara a wata ɗaya a tsaya a kansu a ɗauki hoto ana fuskantar gefe ɗaya. A kafa sanda mai ma'auni a cikin ruwa, a samu yaron masunta ya riƙa rubuta tsayinsa duk Juma'a, a riƙa ba shi na goro. Littafin yaron nan zai warware maka rikicin da hoto ba zai warware ba.

Wajen manhaja ba sai an yi dogon tunani ba. QGIS, manhajar haɗa taswira, kyauta ce, tana aiki ko babu intanet. Google Earth Engine kuwa a kwamfutocin Google ake lissafin, sakamakon kaɗai kake saukewa, abin da ya dace da irin layinmu. Kyauta ne ga bincike da karatu, amma sai ka koyi ɗan rubutun umarni, kuma sharuɗɗan na kamfani ne, yana iya sauya su. Shafin Digital Earth Africa yana da shiryayyun bayanai kan inda ruwa ke kwanciya da yadda gaɓar teku ke matsawa. Mai son horo ya sa ido kan cibiyar AGRHYMET da ke Yamai.

Wa ya dace da wanne

In tambayarka ita ce me ya faru cikin shekara talatin ko arba'in, Landsat ne, ba gardama, da hotunan wata ɗaya a kowace shekara, a ƙara da Corona in ana son leƙa kafin farin 1973.

In aikinka rahoton shekara-shekara ne kan tafki ko fadama a jihar Maraɗi, Sentinel-2 na Nuwamba da na Maris, da turakun ƙarfe da sandar ruwa. Wannan na ba ma'aikacin gandun dajin shawara. Tafkin Madarunfa yana cikin jerin muhimman dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, ke nan za a daɗe ana neman bayani a kansa, gara hanyar da wanda zai gaje shi zai iya ci gaba da ita ba tare da neman ko dala ba.

In a gaɓar da gajimare ba ya ɗagawa kake, ko iyakar ambaliyar damina kake nema, haɗa Sentinel-1 da Sentinel-2, ka jingina da taswirorin Global Mangrove Watch.

In ƙirgar itatuwa ce, ko shari'ar iyaka, ko wata ƙungiya ce mai kuɗi ke son shaida a kan ƙaramin wuri, a sayi hoto mai kaifi sau biyu, farko da ƙarshe, na wata ɗaya.

In dashe kuka yi a hekta ashirin ko hamsin kuna son sanin nawa ya rayu, nan ne jirgi ke da rana. Ko a nan ma, hayar mai jirgi da izininsa a hannu, kwana biyu a shekara, ta fi saye.

Ɗalibar ta tafi da Landsat don tarihi, Sentinel-2 don shekarun nan, da jadawalin cikar teku manne a bangon littafinta. Kuɗin jirgin ta raba shi uku: kwamfuta mai ɗan ƙarfi, hayar kwalekwale na fita uku, da takalman roba masu tsawo. Saƙonta na baya-bayan nan hoto ne, tana tsaye cikin laka har gwiwa, waya a ɗaure cikin leda a wuyanta, ta rubuta a ƙasa: "Malam, wuri na 37. Na'ura ta ce mangurob ne, ashe filin gishiri ne da gansakuka."